Ikilisiyar Mutum Huɗu a Bakin Kanal

Shekara goma sha ɗaya na yi ina share ɗakin nan duk safiyar Lahadi. Ɗaki ne guda a ƙarshen layin tsofaffin kwatas na ma'aikatan ruwa, kusa da Kadawa, kanal na bayansa, darbejiya na gabansa. Asalinsa sito ne, inda ake ajiye shebur da buhunan siminti lokacin da ake haƙa hanyoyin ruwa. Da aikin ya ƙare sai aka bar wa Kiristocin kwatas shi su riƙa sujada. Ba shi da allo a ƙofa, ba shi da ƙararrawa. In ba gaya maka aka yi ba, wuce shi za ka yi.

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a wajajen Kura. Sau da yawa Lahadi takan same ni na sauko daga aiki, ko farin kayan ban cire ba zan ɗauki tsintsiya. In share kashin ƙadangaru, in goge benci takwas, alhali na san biyu kaɗai za a zauna a kai. In shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Daga nan in koma gida in yi wa Baba aski in gemu ya taru, in sa masa kwat ɗinsa, in riƙo hannunsa mu taho.

Baba ya zo ƙasar Kano yana saurayi, daga ƙasar Muri, can inda duwatsu suke. Aikinsa buɗe ƙofar ruwa da rufe ta. Yana da keke da wani babban makulli na ƙarfe, yana bin bakin kanal daga wannan ƙofa zuwa waccan, ya sakar wa wannan sashe ruwa yau, gobe ya sakar wa wancan. Babu manomin rani a yankinmu da ya haura shekara hamsin da bai san shi ba. Wasu sun zage shi a shekarun da ruwa ya yi ƙaranci, wasu sun kawo masa kwandon tumatir ya mayar musu. A cikin kwatas kuma shi ne mai wa'azi. Ba fasto ba ne, bai je makarantar fastoci ba. A ɗariƙarmu ta Metodis akwai wannan tsari tun asali: inda babu Rabaran, a ba wa wani amintacce daga cikin jama'a izini ya riƙa wa'azi, Rabaran kuwa ya riƙa zagayowa bayan wata uku ya ba da jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, ya yi baftisma. An ba Baba wannan izini tun kafin a haife ni.

Ina ƙarama ɗakin nan cika yake yi har a tsaya ta taga. Akwai Yarbawa direbobin katafila da matansu, akwai Idoma masu awon ƙasa, akwai mu mutanen Muri. Waƙa ɗaya a rera ta da harshe uku a lokaci guda, kowa da littafinsa, muryar dai ɗaya ce. Bayan an tashi sai maza su zauna a gindin darbejiya su hau gardamar da ba ta ƙarewa. Yarbawa su ce su ne Metodis na asali, don ta bakin teku mishan ɗinsu ya shigo, kakanninsu sun iya karatu tun kakanninmu suna kan dutse. Baba ya yi dariya ya ce shi bai musa ba. Ya ce shi a ƙarƙashin wani suna aka haife shi, ya yi aure a ƙarƙashin wani, sai wata rana aka wayi gari aka karanta musu wasiƙa cewa manya sun haɗe a can ƙasar Turawa, daga yau su ma Metodis ne. Ya ce babu wanda ya tambaye su, kuma waƙoƙin ba su canja ba, don haka bai ga abin faɗa ba.

Mutanen nan a hankali suka watse. Wasu an yi musu canjin wurin aiki, wasu sun yi ritaya sun koma garuruwansu, wasu sun tafi a lokutan da gari ya yi zafi ba su dawo ba. Yara da suka girma suka nufi Kano da Abuja, can suka shiga coci-coci masu ganga da lasifika. Mamanmu ta rasu. Ƙannena biyu suka tafi. Ni ce babba, ni ce kuma aikina ke nan kusa, mijina ya riga ya rasu, sai na dawo gidan Baba da niyyar in yi shekara ɗaya ko biyu.

A ƙarshe mu huɗu muka rage. Baba, da ni, da wata tsohuwa Bayarabiya da kowa ke kira Iya, wadda mijinta direban katafila ne, ya mutu ya bar ta tana sayar da gari da manja a bakin titi. Na huɗun wani maigadi ne na injin casar shinkafa, mutumin Binuwai, wanda yakan zo ya zauna a bencin baya, kafin a gama waƙar farko barci ya ɗauke shi.

Idon Baba ya riga ya tafi, don haka ni ke karatu. Ni ke tada waƙa, ni ke zagayawa da kwanon baiko, inda kowa ke jefa sadakarsa, ni ke karanta sanarwa. Baba bai yarda a tsallake sanarwa ba ko da babu abin sanarwa. Sai in miƙe in ce, "Sati mai zuwa akwai sujada a lokacin da aka saba," in zauna. Shi kuma ya dafa tebur ya yi wa'azi na minti arba'in, kamar ɗakin a cike yake. A daidai lokacin ne manoma ke wucewa a kan babura da buhunan taki, injin ban ruwa yana ta ƙara a gonar da ke bayanmu. Wani lokaci nakan ga bakinsa yana motsi ban ji abin da yake cewa ba. Ban cika damuwa ba, don na san inda zai ɓulla. Ko daga wace aya ya tashi, a kan mahaifinsa zai sauka.

Kakana bafatake ne kafin Turawan mishan su zo. Yana kai gishiri kan duwatsu, a wannan yawo ya iya Hausa. Turawan ta kogi suka zo, suka ƙarasa da ƙafa. Hausa kaɗai suka koya kafin su taso, mutanen dutse kuwa ba sa jin ta. Sai aka nemi tafinta, aka samu Kaka, magidanci da mata da 'ya'ya. Da fari don lada ya karɓa. Baba ya ce shekara huɗu yana juya maganar Bature zuwa yarenmu bai gaskata ko ɗaya ba. Abin da ya juya shi, wata annoba ce da ta shigo, ya ga matar Baturen tana wanke marasa lafiyar da 'yan'uwansu suka guje musu, har ita ma ta kamu ta mutu. Bayan an binne ta ya je ya ce a yi masa baftisma. 'Yan'uwansa suka daina cin abinci a ƙwarya ɗaya da shi. Daga nan aka mai da shi mai bishara, aka riƙa tura shi ƙauyukan da Bature ba ya iya hawa. Ya yi shekaru yana tafiya da ƙafa, wani wuri a ba shi ruwa, wani wuri a kore shi da jifa. Yakan koya wa mutane baƙi da wasali a ƙasa da tsinke, ya wanke musu gyambo, sa'an nan ya yi musu waƙa. 'Ya'yansa biyu a tashar mishan aka binne su yana can wani ƙauye, bai ji ba sai bayan kwana tara.

Na ji wannan labari ya fi sau ɗari. Akwai lokacin da nake kuka in an zo wajen yaran nan biyu. Daga baya sai ya zama in an zo wajen, na san saura minti goma a tashi, in fara tunanin abin da zan dafa.

Wata shekara da damina ta ɗauke, Rabaran ɗin da ke zagayo mana ya zo da labari. Yaro ne matashi daga Kano yake zuwa a kan babur, mai ladabi, kullum yana duba agogo don akwai wasu wurare biyu da ke jiransa. Ya ce za a yi babban biki a can gida na tunawa da zuwan mishan, ana neman 'ya'yan masu bishara na farko su halarta. Baba bai taɓa roƙona wani abu ba sai ranar. Da Rabaran ya tafi ya ce, "Uwata, ki kai ni." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce, "Baba, tafiyar kwana biyu ce, ga ƙafarka."

Ya ce, "Na sani. Ki kai ni."

Na nemi hutu na kwana shida, da ƙyar na samu. Tafiyar ba na son tuna ta. Mota uku muka canja. Ƙafafunsa suka kumbura har na cire masa takalmi. Duk inda aka tsaya sai na nemi wanda zai taya ni sauko da shi ya kama ruwa, direba yana ta danna ham. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ya riƙe wata jaka a cinya, a ciki akwai littafin waƙoƙin Kaka wanda bangonsa ya riga ya rabu.

Garin da muka tarar ba shi ne wanda Baba ke ba mu labari ba. An gina majami'a ƙatuwa mai bene, ga rumfuna, ga motoci, ga mata cikin anko iri-iri. An karɓe mu da mutunci, ba zan yi ƙarya ba. Amma waɗanda suka san Baba duk sun mutu, waɗanda ke raye sunan gidanmu kaɗai suka sani. Ya yi wa wani saurayi magana da yare, saurayin ya amsa masa da Hausa. Aka ba mu kujeru a rumfa ta uku, inda rana ke shigowa ta gefe. Aka fara tun hantsi. Jawabi bayan jawabi, manyan baƙi, 'yan siyasa, ƙungiyoyin mawaƙa. Sai wajen la'asar aka zo kan tarihi. Mai karantawa ya jero Turawa ɗaya bayan ɗaya, da garuruwan da suka fito da shekarun da suka yi. Da ya zo kan 'yan ƙasa ya ambaci mutum biyar ko shida, ya kira sunan Kaka a cikinsu, bai ma faɗe shi daidai ba. Na juya in taɓa Baba, sai na ga ya yi barci, kansa ya langaɓe, jakar tana shirin faɗuwa. Ban tashe shi ba. An riga an wuce wurin.

Da ya farka ya ce, "Sun kira shi?"

Na ce, "Sun kira shi, Baba."

"Me suka ce?"

"Sun ce yana cikin na farko."

Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba.

Washegari ya ce in kai shi tsohuwar tashar mishan. Gidan Bature ya rushe, saura harsashi da wata bishiyar mangwaro. Kabarin matar Baturen yana nan, an shafe shi da farin fenti saboda biki. Baba ya durƙusa da ƙyar ya shafa dutsen da hannu. Ya ce, "Ita ma ta sha wuya. Ba ta kai shekarunki ba." Muka nemi na Kaka da na yaran nan biyu, ba mu samu ba. Wata tsohuwa mai tsinkar ganye ta nuna mana wata gonar masara da aka riga aka girbe, ta ce a iya saninta a nan wajen ake binne mutanen mishan baƙaƙe. Muka tsaya a bakin gonar. Na zaci zai yi addu'a mai tsawo, sai ya yi gajeriya, ya ce mu tafi rana ta yi.

Bayan mun dawo bai ƙara zama daidai ba. Tafiyar daga gida zuwa ɗakin sujada, wadda ba ta fi taku ɗari biyu ba, sai mun huta sau biyu. Wa'azi ya fara kuɓuce masa, ya faɗi abu ya sake faɗa, wani lokaci ya tsaya shiru yana lalube. A watan da aka fara dashen tumatir ɗan Iya ya zo daga Ibadan da mota ya ce ba zai koma ba sai da ita. Ta zo mana sallama tana kuka, ta kawo wa Baba galan na manja. Ta ce masa da Hausarta da ba ta taɓa miƙewa ba, "Baba, ni na tafi, kai ka riƙe coci." Na ji kamar in ce mata ta yi shiru. Ba shi zai riƙe ba.

Muka koma mu uku, in maigadi ya zo. Ranar da bai zo ba, Baba ya tsaya ya yi mini wa'azi ni kaɗai, ni da na yi masa wanka da safe, na san abin da ya ci da abin da ya kasa ci. Wata Lahadi na sauko daga aiki bayan wata haihuwa mai wuya, wadda muka rasa jaririn. Na share ɗaki, na kawo shi, na karanta, na zauna. Yana cikin magana na ji ba zan iya ba. Ba fushi ba ne, kuma ba wai na daina ba da gaskiya ba ne. Jikina ne kawai ya ƙi. Na dubi benci shidan da na goge babu kowa a kai, na ce a raina wa nake yi wa wannan.

Ranar Talata na fita bakin kanal inda waya ta fi kamawa, na kira Rabaran. Na ce masa Baba ba zai iya ba kuma, ni ma ba zan iya ba. Na roƙe shi ya zo ya rufe wurin, ya ce daga sama umarnin ya fito. Ya ce, "Mama, gaskiya an daɗe ana maganar, nauyin Baba muke ji. Amma ba zan ce masa daga sama ba ne kawai. Zan ce mun duba mun gani." Na ce ya faɗa yadda ya ga dama, kada dai ya ambace ni.

Ya zo bayan sati uku, ranar wata Laraba. Ya ba mu jibi, sa'an nan ya zauna kusa da Baba a kan benci, ya cire hularsa. Ya yi magana mai kyau. Ya gode masa, ya ce an duba an ga ya kamata ya huta, sunayenmu za a mayar da su ikilisiyar Kano, duk lokacin da ya samu dama zai riƙa kawo masa jibi har gida. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Wa ya ce na gaji?"

Rabaran bai dube ni ba, amma ya yi jinkirin amsawa. Wannan jinkirin ya isa.

Baba ya ce, "To. Allah ya ba da lada." Ya miƙo hannu in tashe shi.

Kwana huɗu bai yi mini magana ba, in ban da abin da ya zama dole. In kai abinci ya ci, in ba shi magani ya sha. Ya daina cewa uwata. A rana ta biyar da yamma maƙwabcinmu Malam ya shigo gaishe shi. Malam yana da makarantar Islamiyya a bayan kwatas, yana kuma noman albasa. Shekara arba'in suna tare da Baba. A lokutan da gari ya yi zafi, a zaurensa muka kwana ba sau ɗaya ba. Ban taɓa jin sun yi gardamar addini ba, gardamarsu kullum a kan ruwa ce, Malam yana cewa har yau bai yafe wata shekara da Baba ya hana shi ruwa kwana uku albasarsa ta ƙone ba. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, na koma kicin, ina jin su.

Malam ya ce, "Dattijo, na ga jiya Lahadi ba a buɗe ɗakinku ba."

"An rufe."

"Wa ya rufe?"

"Manya." Sai ya ƙara da cewa, "Da 'yata."

Malam ya ce, "Sista tana ƙoƙari, Dattijo. Matan gidana duk a hannunta suka haihu. Da safe in na fito nakan gan ta da tsintsiya, idonta ja. Ni nawa 'ya'yan, wanne ne ya zauna? Babban yana Kano yana sayar da waya. Makarantar nan in na faɗi yau, ban san wanda zai buɗe ta gobe ba."

Baba ya ce, "Kai taka cike take."

"Cike take da yara. Mai riƙewa nake faɗa maka."

Suka koma maganar tsutsar da ta shiga tumatir a shekarar, har aka kira magariba Malam ya tashi.

Da na kawo wa Baba tuwo ya ce in zauna. Na zauna a bakin gado. Na ce, "Baba, ni na kira shi. Ka yafe mini."

Ya ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Da na gaya maka za ka yarda?"

"A'a."

Ya lalubi kwanon ya ajiye shi gefe. Ya ce ranar da zai taho Kano, mahaifinsa ya raka shi har bakin hanya, ya ce masa duk inda ya je ya tara mutane ko biyu ne, kuma kada ya kuskura ya zama shi ne zai rufe ƙofar da aka buɗe. Ya ce, "Tun kafin mamanki ta rasu nake jin nauyin abin nan. Amma ta yaya zan je in same shi in ce na rufe? Shi da aka jefa." Sa'an nan ya ce, "Ban ji daɗin yadda kika yi ba. Kin bi ta bayana. Amma gara da ke ce."

Ban san ko yafewa ce wannan ba, ban kuma tambaya ba. Ya ci tuwonsa. Sai bayan kwana biyu ya sake kirana da sunan da ya saba.

Sauran aikin ni na yi. Rabaran ya aiko aka ɗauki kwanon jibi da littafin da ake rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma. Kafin in ba da shi na buɗe na ga sunana da rubutun wani Rabaran da ban tuna fuskarsa ba. Ma'aikatar ruwa ta karɓi makullin ɗakin, yanzu wani ma'aikaci yana ajiye buhunan shinkafa shanshera a ciki. Bencin kuwa Baba ya ce a ba Malam, yaransa a ƙasa suke zama. Na je na faɗa masa. Ya yi godiya, amma ya ce in ba shi lokaci. Na gane. Akwai iyayen yara da za su tambayi daga ina benci ya fito. Wata guda suna jingine a bayan gidanmu rana tana dukansu. Na riga na fara neman kafinta ya saya, sai wata Asabar ga amalanke Malam ya turo. Shida ya ɗauka. Ya ce a bar mana biyu saboda baƙi. Daga baya na ji an yi 'yan maganganu, ya ce da masu maganar katako katako ne, wanda yake da wasu ya kawo.

Maigadin injin casa ya zo Lahadi biyu ya tarar da ƙofa a rufe kafin labari ya same shi, don babu wanda ya tuna ya gaya masa. Wannan laifina ne. Ya zo gida ya gaishe da Baba, ya ce ba komai, dama barci yake zuwa yi, wurin akwai sanyi. Ban sake ganinsa ba, an ce ya koma gida.

Sau ɗaya na kai Baba cocin Kano. Muka ɗauki shatar adaidaita sahu har titi, muka shiga bas. An karrama shi, an sa shi a gaba, aka ce ya sa albarka a ƙarshe. Amma da Turanci aka yi rabin sujadar, ƙarar lasifika kuma ta sa masa ciwon kai na kwana biyu. Da muka dawo ya ce ya gani, ya isa.

Yanzu Lahadi nakan yi barci har rana ta fito sosai. Watannin farko nakan farka a firgice, ina jin kamar na makara. Sai in tuna, in koma in kwanta, wani abu mai kama da kunya ya danne ni, amma barcin ya fi shi ƙarfi. In na tashi nakan karanta wa Baba sura ɗaya a ɗakinsa, mu yi waƙa ɗaya, baiti biyu ko uku, gwargwadon numfashinsa. Ba ya wa'azi. Labarin Kaka ma ya daina, sai dai wani lokaci ya tambaye ni wani abu daga ciki, kamar ni ce na san shi. Kwana nawa aka yi kafin ya ji mutuwar yaran? In ce tara. Ya ce haka ne, tara.

Ƙannena suna kira daga Abuja suna cewa in rubuta tarihin nan kafin ya ɓace, 'ya'yansu ba su san komai a kai ba. Nakan ce to. Su ba su san yadda mutum yake dawowa daga ɗakin haihuwa ba. Wannan da na rubuta, a ranakun hutu uku na rubuta shi, kuma na san akwai abubuwa da yawa da ban sa ba, wasu na manta, wasu Baba ne kaɗai ya sani, shi kuma yanzu ba kullum yake tare da mu ba.

Satin da ya wuce aka rufe ruwa don gyaran kanal. Da la'asar yana zaune a tsakar gida sai ya ɗaga kai ya ce, "Uwata, ba na jin ruwa." Na ce gyara ake yi, sai bayan sati biyu. Ya ce wa ya ba su shawarar rufe ruwa shinkafa tana ɗaukar ciki. Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce in je in gaya musu su buɗe wa sashen gabas ko na yini ɗaya ne, ƙasar wajen yashi ce, ba ta riƙe laima. Na ce zan faɗa musu. Na tashi na ɗora ruwan wankansa.